Yadda Derrick Ya Goge Baba Levi Daga Talabijin

Ɗan ƙanena Derrick bai taɓa ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi ba. Yana yaro ya kwance rediyon ubansa don ya ga mai karanta labarai, da ya mayar da shi sai rediyon ya koma kama Kamaru kaɗai. Da ya girma ya kafa tebur kusa da ƙofar makarantar Poli ta Mubi yana cajin waya, ya sa aka rubuta masa allo: Injiniya Derrick, Likitan Na'urori. Ba wanda ya ba shi injiniyan nan, da bakinsa ya naɗa kansa. Ni da na raine shi, ni kaɗai ce a unguwarmu ta Lokuwa ba na kiransa da sunan.

To, Derrick ya ga Ƙauna, 'yar Baba Levi mai gidan burodi, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Yarinyar ma tana sonsa, wannan kuwa tsakaninta da Ubangijinta. Uban ne ƙashin wuya. Baba Levi ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, sai ya dube ka daga hula zuwa takalmi ya koma kan burodinsa.

Ana nan sai Baba Levi ya yi abin da babu mai burodi a unguwarmu da ya taɓa yi. Ya je Yola ya sa gidan talabijin suka ɗauki tallan burodinsa. Bai ɗauki 'yan wasa ba, shi da kansa ya tsaya, da shuɗiyar babbar riga, burodi a hannu biyu kamar jariri ranar suna. Sau ɗaya tak za a nuna, a tsakiyar wasan kwaikwayon ranar Lahadi da rana. Sun ce za su zuba masa kwafi a waya, ya ƙi. Ya ce, "Na waya ai kowane ɗan iska yana yi. Ni a cikin talabijin nake so a gan ni, da tambarin tashar a kusurwa."

Sai aka yi rashin sa'a, Lahadin ta faɗo daidai da bikin godiyar girbi a majami'armu, kuma Baba Levi ne shugaban bikin. Wanda ya san godiyar girbi ya san ba a fita sai an yi gwanjon zakaran ƙarshe. Duk Mubi za su gan shi, ban da shi.

Amma akwai mafita. A falonsa akwai wata tsohuwar dikoda, irin wadda ke naɗe shiri a cikinta ka kalla daga baya. Ƙanensa ya kawo masa daga Legas tun da daɗewa. Baƙa ce, nauyi kamar dutsen niƙa, kuma ba ta taɓa kunyata kowa ba. Ka sa mata lokaci, ta naɗe, shi ke nan. Da ita Baba Levi yake tara kokawarsa.

Ina wurin ranar, na je karɓar burodin shagona, Derrick ya biyo ni da sunan taya ni ɗauka. Yana jin maganar ya durƙusa gaban dikodar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya girgiza kai.

"Baba, wannan ai gawa ce. Da ita za a kama ka? Za ka fito kamar an zana ka da gawayi."

"Tana kama kokawa lafiya," in ji Baba Levi.

"Kokawa daban, mai daraja daban. Baba, akwai wasu mutane a intanet. Ba kamfani ba ne, masu sha'awa ne kawai daga ƙasashe iri-iri, sun haɗu sun ƙera wa irin wannan akwati sabuwar ƙwaƙwalwa. Manhaja ce, kyauta suke ba da ita. Ka zuba mata, tsohuwa ta koma budurwa. Ni ma ina cikinsu."

Ƙauna ta leƙo daga bakin ƙofa. "Tun yaushe kake cikinsu?"

"Na shiga zaurensu. Har wani ya ce mini sannu da zuwa."

Baba Levi ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "To. In ka kama ni a cikin akwatin nan, ranar Lahadin ka zo da baffanninka, mu kalla tare, in karɓi gaisuwarsu. In kuwa ba ka kama ni ba..."

"Babu in kuwa, Baba!"

A hanya na ce masa, "Kai, saniyar da ke ba da nono ba a farke cikinta don a ga inda nonon ke fitowa. Ka bar yarinyar ta sa lokaci yadda ta saba, ka karɓi yabon."

"Goggo, ba za ki gane ba. Wannan fasaha ce."

"Fasahar da ta mayar da rediyon ubanka Bafaranshe?"

Ya kinkimi dikodar ya kawo barandata, ya ari kwamfutar wani ɗalibi, ya jona igiyoyi kamar mai ɗaurin kaji. Ya karanto mini abin da mutanen zauren suka rubuta da manyan baƙaƙe, wai ko me za a yi kada wuta ta ɗauke ana cikin zubawa. Na ce masa ya tambaye su ko sun san inda Mubi take. Ya yi dariya, ya danna. Wani koren layi ya soma tafiya a fuskar kwamfutar. Ya kai tsakiya, fankar barandar ta yi wata ajiyar zuciya ta tsaya.

Da wutar ta dawo, dikodar ta buɗe jan ido ɗaya, ta yi shiru.

"Ta mutu?"

"Tunani take yi, Goggo."

Ta yi tunani har na gama tuwo, na ci, na wanke tukunya.

Washegari ya ce matsalar wuta ce, za shi Sabon Layi wurin abokinsa Mansir mai aski, shi yana da janareta. Ya ɗauki zanena na zuwa sujada daga kan igiya ya naɗe dikodar kada a gane. Na bi shi, ba don shi ba, don zanena. Mai keke napep ya waiwayo ya ga mutum rungume da abu a zane yana gumi, ya rage gudu, ya ce, "Sannu, Allah ya ba shi lafiya. Asibiti ne?"

"Tuƙa kawai," in ji Derrick.

Shagon Mansir cike yake. A kan kujera akwai Alhaji Gabdo dillalin shanu, aminin Baba Levi tun suna samari, an soma yi masa ƙwal kwabo. Derrick ya rubuta kukansa a zauren, wani daga wata ƙasa mai sanyi ya amsa masa: a buɗe akwatin, a nemo wasu 'yan ƙarafa biyu, a haɗa su da abin ƙarfe daidai lokacin kunnawa. Har hoto ya turo.

Derrick ya kwance murfi, ya dubi hoton, ya dubi cikin dikodar. Ƙarafan da ke ciki sun fi haƙoran tsefe yawa.

"Ka gane su?" in ji Mansir.

"Ni? Ko da ido rufe. Ba ni almakashinka."

Ya cusa almakashin. Tartsatsi ya yi tsalle, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu, injin aski ya tsaya cak a tsakiyar kan Alhaji Gabdo. Gefe ɗaya fes kamar ƙwarya, ɗaya gefen daji.

Alhaji ya dubi madubi a hankali. "Mansir, wane ne wannan?"

"Injiniya ne, Alhaji."

"Injiniya. Yau ina da baƙi daga Kamaru, za mu yi cinikin bijimai. Da wane ɓangaren kaina zan gaishe su?"

"Alhaji, a yi haƙuri, ci gaba sai da sadaukarwa," in ji Derrick.

"To me ya sa ba kanka ka sadaukar ba?"

Janaretan ya ƙi tashi sai da aka kira mai gyara, Alhaji ya danna hula har kunne ya fita yana magana da Fillanci, kuma ba addu'a yake yi ba. Sai dai abin haushi, da aka sake kunnawa, dikodar ta farka. Wallahi ta farka. Derrick ya zagaye shagon yana buga ƙirji, yana tambayar kowa ko ya gani. Ba wanda ya ce masa 'yar fankar da ke ciki ta ƙone, sai da murfin ya soma zafi kamar kaskon ƙosai. Ya ce ba komai, za a bar ta a buɗe a sa mata fankar tsaye.

Da aka jona ta da talabijin, sai rubutu ya cika fuska, amma ba Turanci ba, ba ajami ba. Wasu baƙaƙe ne kamar ƙugiyoyin mahauta. Ashe manhajar yaren mutumin ƙasar sanyin ya kwaso. Shafi bayan shafi, kowane layi da ɗan gidansa na dannawa a gefe.

"Me ya ce?" na tambaye shi.

"Abubuwan da za ta iya yi ne."

"Kamar me?"

"Abubuwa, Goggo."

Ya bi layi-layi yana dannawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Mansir ya ce ai da ya tambayi mutanen zauren ma'anarsu. Derrick ya ce, "In tambaya su raina Najeriya? Duk abin da suka ƙera na kunna. Ai kyauta ne. Wa ke zuwa walima ya zaɓi shinkafa ya bar nama?"

Ranar Asabar ya mayar da ita falon Baba Levi, hanjinta a waje, fanka na hura ta. Allah ya taimake shi tsohon yana wurin tanda. Ƙauna ta ɗauki rimot ta duba.

"Derrick, ina kokawar Baba?"

"Na yi masa shara. Ta cika wuri."

"Kokawar shekara da shekaru? Wayyo ni. Ka ga, bari in roƙi ƙawata Vanessa ta zauna a gida gobe ta ɗauki talabijin ɗin da wayarta, ko da wani abu zai faru."

Derrick ya miƙe, ya dafa ƙirji. "Ƙauna, in kin yi haka kin zage ni. Matar injiniya ba ta ajiye ko-ta-kwana."

Ta dube ni, na dubi rufin ɗaki. Soyayya ta sa ta haƙura, ni kuma na riga na faɗi tawa.

Ranar Lahadi aka yi godiyar girbi. Aka yi gwanjon doya, aka yi na masara, aka yi na zakara. Kafin addu'ar rufewa Baba Levi ya karɓi makirufo ya gayyaci duk majami'a gidansa, wai su zo su ga abin da Allah ya yi wa ɗan talaka. Mutum ba ya ƙin kallo kyauta, balle gidan burodi. Aka fito da talabijin tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Matan zumunta da ankonsu suka cika tabarmi. Alhaji Gabdo ya zo da hularsa a danne. Maƙwabciyarsu Rukayyat ta shigo tana tafa hannu, ita da ba ta je ko'ina ba ta kalli abin kai tsaye a ɗakinta.

"Baba Levi, wallahi ka yi kyau! Kamar gwamna! Sai dai hular ta ɗan karkace."

"Kada ki faɗa mini, zan gani da idona."

Yayana Dennis da sauran baffannin Derrick sun iso daga Michika da akuya da buhun gishiri da kiret ɗin lemo, aka ba su kujerun gaba. Derrick ya fito cikin kwat, a wannan zafin, ya yi jawabi a kan yadda shi da abokansa na duniya suka tayar da matacce. Sannan ya danna.

Gaskiya ɗaya ce, hoton ya fito tas. Wasan kwaikwayo ya soma, wata mata da mijinta suna rigima a kan cefane. Can sai aka tafi hutun farko, mai tallan sabulu ta fito da murmushi, ta buɗe baki, sai fit! ta ɓace. Ga mata da miji sun dawo suna rigimarsu.

Mutane suka yi ta kallon juna. Shi ma Derrick ya ɗan yi sororo, sannan fuskarsa ta washe, ya daka tsalle.

"Kun gani? Kun gani? Babu talla! Aikina ne wannan! Mutanen can sun tsani talla kamar yadda kuka tsani sauro. Na'urar tana sunsuno shi ta yanke ta jefar. Ba tsallakewa kawai ba, gogewa take yi, kada ya cinye wuri. Jama'a, daga yau an daina ɓata muku lokaci da surutun 'yan kasuwa!"

Aka yi tafi. Har Baba Levi ya gyaɗa kai. Yayana Dennis ya juya yana gaya wa na bayansa, "Yaron namu ne."

Rukayyat ce ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Injiniya, ina da tambaya. Shi na Baba Levi, in ba talla ba, mene ne sunansa?"

Tafin ya mutu. Akuyar ce kaɗai ta yi magana.

Derrick ya gyara kwat ɗinsa. "Na Baba daban ne. Na Baba sanarwa ce ta musamman. Na'urar ta san manya."

"Alhamdulillahi," in ji Rukayyat. "To ku zuba ido. Daga matar nan ta ɗaga muciya za ta kwaɗa wa mijin, sai Baba ya fito."

Ban taɓa ganin mutane sun ƙagu a daki mutum kamar ranar ba. Baba Levi ya matso da kujerarsa, ya gyara hula. Matar ta shiga madafa. Ta fito. Ta ɗaga muciya sama. Wani shuɗin abu ya gifta, wata murya ta ce, "Jama'ar Mu..." Sai muciyar ta sauka a ƙeyar mijin, gwaf!

Ba wanda ya yi dariya.

"Mayar," in ji Baba Levi.

Derrick ya mayar. Muciya sama, "Jama'ar Mu...", gwaf.

"Mayar."

Mijin nan ya sha muciya har matan zumunta suka soma tausaya masa. Daga ƙarshe Derrick ya yi sa'ar tsayar da hoton daidai kan shuɗin abin. Gefen hannun riga ne, da gindin burodi.

"Ga ka nan, Baba! Gwiwar hannunka ce! Dubi yadda ta fito tas, har zaren aikin ana gani!"

"Levi, ka gode Allah," in ji Alhaji Gabdo. Ya cire hula, jama'a suka ga abin da ke ƙarƙashi, domin ya rantse ba mai sake taɓa kansa da injin. "Ni rabi ya bar mini. Kai ko rabin ba ka samu ba."

Nan fa dariyar ta fashe. Wata daga cikin matan zumunta ta faɗi a kan 'yar'uwarta. Derrick ya ce kowa ya kwantar da hankali, abin yana nan a ciki, zai tono shi. Ya shiga shafukan nan masu ƙugiyoyi yana dannawa ta ko'ina. Abin da bai lura ba, yayana Dennis zafi ya dame shi tun ɗazu, ya miƙa ƙafa ya juyo da fankar wajensa. Ya ga ai ba hankali a bar baƙo yana gumi ana yi wa akwati fifita.

Ƙauna ce ta fara jin ƙaurin. "Baba, ka bar burodi a tanda?"

Ba burodi ba ne. Wani siririn hayaƙi ya taso daga cikin dikodar, talabijin ya yi baƙi. Gwiwar hannun ma ta tafi.

Dennis ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "To, yarinyar nan ba tamu ba ce yau. A kwance akuyar."

"A bar akuyar nan inda take," in ji Baba Levi. Bai ɗaga murya ba. Ya tuɓe babbar rigarsa, ita ce dai shuɗiyar, ya jefa wa Derrick tare da hular. "Na tara mutane su ga talla, kuma za su gani. Saka. Ƙauna, kawo burodi. Rukayyat, ke kika gani, koya masa."

Derrick siriri ne kamar karan dawa. Rigar ta haɗiye shi, hular ta sauko har gira. Ya tsaya gaban mataccen talabijin, burodi a hannu biyu, Rukayyat na jefa masa kalmomi.

"Jama'ar Mubi, ni ne Baba Levi..."

"Sake. Ni muryata ba ta rawa."

"Jama'ar Mubi! Ni ne Baba Levi! Burodina laushi kamar..."

"Murmushi fa?" in ji Rukayyat. "Ya yi murmushi a nan."

Sai da ya yi har Baba Levi ya ƙoshi. Sannan tsohon ya yanke hukunci: gaisuwa ba a karɓa ba, baffanni su koma Michika. Derrick kuma tun da ya cire shi daga talabijin, shi ne talabijin ɗin yanzu. Kowace ranar kasuwar shanu zai sa rigar nan, ya ɗauki faranti, ya zagaye kasuwa yana faɗin tallan daga farko har ƙarshe, babu tsallakewa.

Wani zai ji kunya. Derrick kuwa da ya ga mutane na taruwa, sai ya soma ƙara gishiri. Ya sa waƙa, ya sa rawa, ya koyi faɗinsa da Fillanci. Dillalai suka riƙa kiransa daga nesa, "Baba Levi, kawo biyu!" shi kuma yana amsawa.

Ana gab da Kirsimeti wani ɗan kasuwa daga Kamaru ya shiga gidan burodin yana son a riƙa kai masa kaya. Ya tarar da tsoho cikin singileti yana ƙirga faranti, ya ce, "Sannu dattijo. Maigidan yana nan?"

"Ni ne."

"A'a, Baba Levi nake nema. Siririn nan mai babbar riga."

A ranar Baba Levi ya zo shagona da ƙafarsa, garin fulawa har gira, bai ko yi sallama ba.

"Tabitha, aika Michika a kira 'yan'uwanki. Su zo gobe in ba shi yarinyar, ya dawo mini da rigata da sunana, kafin ya gaje ni ina raye."